Yessongs: Yadda kiɗan da aka ɗinka da reza ya tsaya da ƙafarsa a gaban jama'a

Faifan farko na Yessongs, kundin wasan kai-tsaye na ƙungiyar rock ta Ingila mai suna Yes, da kiɗan wani mutum dabam ya buɗe. An kashe fitilun zaure, jama'a na ta fito da ihu, daga lasifika kuma ana sako ƙarshen The Firebird, kiɗan da Igor Stravinsky ɗan Rasha ya tsara a 1910. Tef kawai ake juyawa, babu wanda ya taɓa kayan kiɗa tukuna. Ƙaho ɗaya ne ke fara busa a hankali, masu goge su bi shi, abu ya yi ta kumbura har ya cika zauren. A cikin wannan duhu mutum biyar ke lallaɓowa, kowa ya kama wurinsa. Stravinsky na kaiwa ƙarshe Rick Wakeman ya karɓe da madannansa na 'yan daƙiƙu, sai jitar Steve Howe ta tsage iska da farkon Siberian Khatru, da gudun da ya fi wanda aka sani a faifan situdiyo. Na ji wannan mahaɗa sau da yawa, har yau tsigar jikina takan tashi a daidai wurin.

Kundin na ƙungiyar Yes ne, ya fito a watan Mayu 1973 a ƙarƙashin kamfanin Atlantic: faifan garmaho uku a jaka ɗaya, fuska shida, sama da sa'a biyu. An tattaro shi daga wasannin da ƙungiyar ta yi cikin 1972 a Amurka da Kanada da Landan. Ya kai na 7 a jerin cinikin Birtaniya, na 12 a Amurka. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan masoya wannan kiɗa suna gardama a kansa. Wasu sun ce nan ne Yes ta kai ƙololuwa, wasu sun ce sautinsa kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Kowanne ɓangare yana da gaskiyarsa. Ni ina tare da na farko, amma dalilina ba zai fito ba sai an koma baya kaɗan.

Kiɗan da ake kira progressive rock, ko prog a gajarce, ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Kafin nan waƙar rock 'yar minti uku ce, daidai abin da gidan rediyo zai saka tsakanin talla da talla: baiti, amshi, baiti, amshi, a rufe. Sai ga wasu samari da suka tashi da kunne biyu, ɗaya yana kan rock da jazz na Amurka, ɗaya yana kan kiɗan coci da na manyan matsara kiɗan Turai. Chris Squire, mai jitar bes na Yes, tun yana yaro yake cikin mawaƙan wani coci a arewa maso yammacin Landan. Wakeman ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Royal College of Music kafin ya bari ya kama aikin situdiyo. Irin waɗannan ne suka ce me zai hana waƙa ta kai minti ashirin, ta sauya kari sau biyar, ta ajiye wani zare a farko ta dawo ta ɗauke shi a ƙarshe cikin wata kama? King Crimson ta wangale ƙofar a 1969, Genesis da Emerson, Lake & Palmer da Yes suka kutsa. Tsawon waƙa dai ba baƙon abu ba ne ga kunnenmu, mun saba da makaɗin da zai kafa gindin waƙa ya yi ta zuba mata ɗiya har rabin sa'a. Bambancin shi ne a nan gindin ma ba ya zama wuri ɗaya, ginin duka ne ke motsi.

Buri irin wannan a situdiyo yake samun wurin miƙe ƙafa. The Beatles ne suka nuna hanya: a watan Agusta 1966 suka daina rangadi, cikin dalilansu har da cewa abin da suka fara ƙerawa a situdiyo ya fi ƙarfin mutum huɗu a kan dandamali. Yes ta gaji wannan salon aiki ta kai shi nesa. Waƙar Close to the Edge, wadda ta cinye fuska guda cur ta faifan da ya ci sunanta, kusan minti 19, an ɗauke ta a situdiyon Advision da ke Landan a tsakiyar 1972, kuma gaɓa-gaɓa aka yi ta. A tsara ɗan yanki, a ɗauka, a tsaya, a yi ta ja-in-ja a kan abin da ya kamata ya biyo baya, a sake komawa. Injiniyansu Eddy Offord shi ke riƙe da reza. Zai shimfiɗa tef a kan ƙarfen yanka, ya datse shi daidai inda ake so, ya manne wannan gaɓa da waccan da ɗan salatif, har abin ya zama tsiri guda. Muryar Jon Anderson, mawaƙin ƙungiyar, ana ɗora ta a kan kanta sau da yawa, ta koma kamar taron mawaƙa. Babban ogan ɗin da ke tashi a tsakiyar waƙar kuwa a wani tsohon coci aka je aka ɗauko sautinsa, St Giles-without-Cripplegate, inda iska ce ke bi ta cikin manyan bututu. Wato waƙar ta riga ta wanzu a kan tef kafin ta wanzu a hannun masu ita. Da aka gama sai da suka zauna suka saurari abin da suka yi, suka koye shi kamar waƙar wani.

To ga tambayar da ke kwance a ƙarƙashin Yessongs duka. Abin da aka ɗinka da reza, zai iya tsayuwa idan an ce mutum biyar su buga shi a numfashi ɗaya, babu tsayawa, babu a sake, a gaban dubban mutanen da suka biya kuɗin shiga? Ba a rasa masu cewa duk wannan kiɗa siddabarun injiniya ne, a raba shi da situdiyo ya faɗi. Kundin wasan kai-tsaye ga ƙungiya irin wannan hujja ce ake kafawa a gaban shaidu.

Kayan aikin ma ba su da alƙawari. A yau yaro zai buɗe kwamfuta ya kira sautin goge ɗari da yatsa ɗaya. A 1972 abin da Wakeman ke da shi don wannan aiki shi ne Mellotron, wani akwati mai nauyi da ake ƙerawa a yankin Birmingham. Ƙarƙashin kowane madanni akwai tsirin tef nasa, wanda aka riga aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kansa. Ka danna, inji ya ja tsirin, sauti ya fito. Bayan kamar daƙiƙa takwas tef ya ƙare, sauti ya yanke, sai ka ɗaga yatsa sifirin ya mayar da shi farko. Saboda haka mai bugawa ba shi da ikon riƙe sauti yadda ya ga dama, dole yatsunsa su riƙa rarrafe daga wannan madanni zuwa wancan don kada a ji giɓi. Wutar lantarki ta ɗan yi ƙasa, inji ya rage gudu, duk sautin ya karkace. Zafin fitilu da jijjigar babbar mota a hanya su ma ba su bar akwatin lafiya ba. Minimoog ɗin da ke gefe, wata ƙaramar na'urar kiɗa mai madannai, murya ɗaya tak yake fitarwa a lokaci guda, shi ma yakan zame daga saiti idan ya ɗumama. Wakeman yana tsaye a tsakiyar waɗannan akwatuna da ogan na Hammond da fiyano, hannun dama a nan, na hagu a can, shi kaɗai yana ƙoƙarin cike gurbin abin da aka ɗora hawa-hawa cikin makonni a Advision.

Ana cikin haka babbar matsalar ta faɗo. Bill Bruford, mai gangar da aka kafa ƙungiyar da shi tun 1968, ya ce shi ya tafi. Watan Yuli ne na 1972, an gama ɗaukar Close to the Edge amma bai shiga kasuwa ba, rangadin Amurka kuma saura kwanaki. Ya koma King Crimson wurin jagoranta Robert Fripp. Zaman gardamar situdiyo ya gundure shi, yana kuma ganin ya ba da iyakar abin da zai iya bayarwa a wannan gida, zuciyarsa tana wajen kiɗan da ake ƙirƙira nan take irin na jazz. A farkon wannan shekarar waƙarsu Roundabout ta kai ta 13 a Amurka. Mutum ya juya baya daidai lokacin da kasuwa ta fara ci, wannan kaɗai ya isa ya nuna irin halinsa, kuma ina girmama shi a kai.

Wanda aka samo shi ne Alan White, ɗan shekara 23 daga arewa maso gabashin Ingila, abokin Offord. Ba ƙaramin makaɗi ba ne. Shi ya buga wa John Lennon ganga a wasan Toronto na 1969, shi ne kuma a Instant Karma! da Imagine. Amma dubi irin waƙoƙin: ƙirgen huɗu-huɗu, mai faɗi, mai nauyi, yana tafiya kamar doki a hanyar da ya sani. Aka miƙa masa faya-fayan Yes, aka ce kwana uku gare ka. Ranar 30 ga Yuli 1972 ya hau dandamali a Dallas ta jihar Texas. Wanda ya san Heart of the Sunrise ya san girman abin da aka nema daga gare shi: waƙa ce da ke farawa da gudu kamar an koro ta, ta tsaya cak, bes ya shigo shi kaɗai a hankali, gudun ya dawo ya afka masa, sannan a yi ta sauya ƙirge ana komawa, kowane lungu da tarkonsa. An yi da shi cewa gwaji ne na wata uku, kowa ya ga ko zai iya zama da ɗan'uwansa. Ya zauna kusan shekara hamsin, har rasuwarsa a watan Mayu 2022.

Wannan sauyi shi ne ƙashin bayan kundin, kuma an yi sa'a ana jin mutanen biyu a cikinsa. Bruford yana wurare biyu, Perpetual Change da Long Distance Runaround haɗe da The Fish, waɗanda aka ɗauka a New York a watan Fabrairu 1972. Sauran duka White ne. Ka saurare su a jere za ka ji hannu biyu da ba su yi kama ba. Bruford yakan ɗaure ƙaramar gangarsa tamau, ya doki fata da baki tare, ta yi wata ƙara mai kaifi kamar an ƙwanƙwasa kwano. Kuma ba ya sauke sanda inda kake jira. A baitocin Long Distance Runaround sauran suna tafiya a ƙirgen huɗu, shi kuwa yana sauke dukansa a kowane bugu na biyar, saboda haka dukan yana zagayawa, yanzu yana nan, an jima yana can, sai bayan bugu ashirin su sake gamuwa. Abin yana sa waƙar ta riƙa ɗan ɗingishi mai daɗi, kunne ya kasa sakankancewa. Bruford kamar mai kalangu yake, wanda ke tsoma baki cikin zance. White kuwa kamar mai babbar ganga ne da ke riƙe da ƙafar masu rawa: yana buga duk ƙirgen nan masu wuya, amma yana dasa duka ɗaya mai nauyi da kowa zai iya jingina da shi.

Masoya Bruford, kuma ina cikinsu, sukan ce da tafiyarsa an rasa wata dabara da ba ta dawo ba. Gaskiya ne. Sai dai a duba inda ake wasan. A ƙarshen 1972 Yes ta bar ƙananan zauruka, tana cika wurare irin Maple Leaf Gardens na Toronto da manyan ɗakunan wasannin jami'o'i a kudancin Amurka, gine-ginen siminti da ƙarfe da aka yi don wasannin motsa jiki, inda sauti ke dukan bango ya dawo a makare. A irin wannan wuri ƙananan adon hannu narkewa suke kafin su kai kujerar baya. Abin da ke isa can shi ne duka mai nauyi da ya faɗi a kan lokaci. A ganina hannun White ne ya ba wannan kiɗa mai yawan rassa gangar jikin da zai tsaya a kai a gaban mutum dubu goma. Kuma ya 'yantar da Squire. Jitar bes a yawancin ƙungiyoyi tana can ƙasa tana gadin gida. Ta Squire, ƙirar Rickenbacker, da ɗan tsinke yake bugunta, tana da amo mai haƙora, tana hawa sama tana rera nata karin kamar murya ta biyu. Da ya samu wanda ya tsare ƙasa, sai ya ƙara sakin jiki. A Yessongs sau da yawa shi ke jan ragama.

Inda na fi jin daɗin kundin shi ne wuraren da abin situdiyo ya ƙi ɗaukuwa, dole aka sake tunani. The Fish misali ne mai kyau. A faifan Fragile na 1971 ɗan guntun kiɗa ne da bai kai minti uku ba, wanda Squire ya gina ta hanyar ɗora bes a kan bes hawa-hawa. Sunan ma laƙabinsa ne, Kifi. A dandamali kuwa bes ɗaya gare shi da hannu biyu. Sai ya mayar da abin dogon zance shi kaɗai: ya sauko da sauti har ka ji motsin 'yan kallo, ya bar igiya ɗaya tana rawa, ya taka na'urar da ke ƙasan ƙafarsa sauti ya yi gurnani kamar zai tsaga lasifika, Bruford na bin sa a baya yana amsa masa. Guntun da bai kai minti uku ba ya ninka kansa, ya zama wani abu dabam da ba shi a kowane faifan situdiyo. And You and I ma haka. A situdiyo da tattausar jita mai igiya goma sha biyu take farawa, kamar mutum na gwada saiti a ɗaki. A Yessongs an ɗauko babban karin nan mai faɗi daga cikin waƙar an sa shi a ƙofa, saboda raɗa ba ta buɗe taro irin wannan.

Yours Is No Disgrace kuwa ta tashi daga ƙasa da minti goma ta kai wajen sha huɗu, kuma ƙarin kusan duka na Howe ne. Jitarsa Gibson ES-175 ce, mai ƙaton ciki, irin ta 'yan jazz, wadda ba a saba ganin ta a hannun ɗan rock ba. Yawancin tsaransa a Ingila daga blues suka sha. Shi ya fi karkata ga jazz da kiɗan karkarar Amurka da salon Sifaniya, shi ya sa gudunsa ba ya kuka, tsalle yake, kamar akuya a kan dutse. A wannan waƙa wani lokaci yana gab da zamewa, ka ji yatsa ya ɗan kuskure, ya tsallake ya ci gaba. Da a situdiyo ne reza za ta ɗauke wurin. A nan an bar shi, kuma shi ne abin da ke sa ka san mutum ne ke bugawa. Akwai kuma wani ƙarin: waƙoƙin The Yes Album, faifansu na farkon 1971, tun kafin zuwan Wakeman aka yi su, lokacin Tony Kaye ne a kan ogan, mutumin da ke son sautin Hammond tsagwaronsa. Yessongs ne ya fara ba masu sayen faifai damar jin waɗannan waƙoƙi a hannun sabon mutum da sabbin akwatunansa.

Fuska ta biyar ita ce jarrabawar kanta. Close to the Edge, daga farko har ƙarshe. Kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa suna fitowa daga tef, Offord da ya biyo su rangadi yana kula da sauti daga cikin zaure, sai hargitsin farko ya ɓarke, kowa kamar yana gudun kansa, a tsaya cak muryoyi su yi "aa" tare, a sake ɓarkewa. Wannan tsayawar ita ce wurin da ake gane ko ƙungiya na jin juna, domin mutum ɗaya ya makara da rabin daƙiƙa kowa zai ji. Ba su makara ba. A sashe na uku, wanda ake kira I Get Up, I Get Down, komai yana lafawa, muryoyi uku suna saƙa da juna, sannan ogan ya tashi. Cocin St Giles ba ya shiga mota, kuma gaskiya a nan sautin bai kai girman na situdiyo ba. Amma da gudun ya dawo, Wakeman ya shiga filinsa a kan Hammond, White na tura shi daga baya, akwai wani zafi da faifan situdiyo bai taɓa samu ba. Can ginin ya fi kyau, nan kuwa ana jin maginan suna gumi.

Muryar Anderson ta cancanci a tsaya a kanta. Siririya ce, mai hawa sama, kuma haka Allah ya ba shi, ba matsewa yake ba. A situdiyo an ninka ta. A dandamali maƙogwaro uku ne kawai, nasa da na Squire da na Howe, biyu daga cikinsu kuma hannayensu na kan aiki mai wuya. Wani lokaci amshin yakan ɗan karkace. Kalmominsa sun sha suka cewa ba a gane inda suka dosa, shi kuma bai ɓoye ba cewa yakan zaɓi kalma don amonta kamar yadda yake zaɓar ta don ma'anarta. Ga wanda Turanci ba harshensa ba ne wannan sauƙi ne. Ka ɗauki muryar a matsayin wata sarewa a cikin kayan kiɗan, ba ka yi asarar komai mai yawa ba.

Yanzu maganar bargon. Ba sharri aka yi wa kundin ba: sautinsa a dushe yake, farantan ƙarfen ganga ba su da sheƙi, kayan kiɗa suna cakuɗewa a tsakiya. Ka kwatanta shi da Made in Japan na Deep Purple, wanda aka ɗauka a watan Agusta na wannan shekarar ta 1972, za ka ji tazarar. Dalilin ya fito fili bayan shekara arba'in. A zamanin ana amfani da na'urar Dolby don rage shuu ɗin da tef ke yi. Aikinta hawa biyu ne: wajen ɗauka tana ɗaga ƙananan sautuka masu laushi sama da yadda suke, wajen saurare kuma tana mayar da su daidai gwargwadon yadda ta ɗaga, shuu ɗin ya sauka tare da su. Sharaɗin shi ne ma'aunin ɗagawa da na saukewa su zo ɗaya. Idan saitin ya saɓa, na'urar za ta sauke abin da ba ta ɗaga ba, ta cinye kaifin sauti. Abin da ya sami tef ɗin rangadin ke nan, ba a daidaita na'urorin yadda ya kamata ba, kuma da wannan lahani aka haɗa kundin.

An gano haka ne da aka tono tef ɗin wasanni bakwai na tsakanin 31 ga Oktoba da 20 ga Nuwamba 1972, daga Toronto da Ottawa na Kanada zuwa garuruwan Amurka na Durham da Greensboro da Athens da Knoxville da Uniondale. Injiniya Brian Kehew ya bi su ya gyara saitin, aka fitar da su a watan Mayu 2015 da sunan Progeny, faifan CD goma sha huɗu. Sauti ya washe, an ji ganga da bes kowa a wurinsa. Squire ya rasu a watan Yuni na shekarar, wata ɗaya kacal bayan fitowarsu. Progeny ya nuna wani abu da Yessongs ya ɓoye. Jerin waƙoƙi kusan ɗaya ne kowane dare, amma dare bai zama ɗaya da dare ba: wani wurin na'ura ta yi gardama, wani wurin an fi gudu, wani wurin Howe ya bi wata hanya. Daga nan ake gane cewa Yessongs ma zaɓe ne. An tsinci mafi kyau daga darare daban-daban an jera su kamar wasa guda, asalin jakarsa ma ba ta faɗi garin da aka ɗauki kowace waƙa ba. Reza dai ba ta tafi gaba ɗaya ba. Amma ta koma aikin jera waƙoƙi da zaɓen dare, nauyin bugawa ya rage a wuyan mutum biyar.

Duk da haka Yessongs nake komawa wa, da bargonsa. Wataƙila sabo ne. Amma akwai wani abu a wannan dusasshen sauti da ya yi kama da yadda babban zaure yake a kunne, inda ba ka rarrabe kowace igiya, abu ɗaya ne mai nauyi ke tunkaro ka.

Ba kuma zan ce fuska shidan duk zinariya ba ce. Ta uku ce ta fi nuna shekarunta. Mood for a Day na Howe gajere ne, mai tsabta, a kan jitar Sifaniya, ba ya gundura. Filin da aka ba Wakeman kuwa, inda ya tsakuro daga kundinsa The Six Wives of Henry VIII ya haɗa da wani yanki na Handel, tsohon matsarin kiɗan Turai, a kan Mellotron, ya fi kama da baje koli: ga wannan akwati, ga wancan, dubi saurin yatsa. A zaure, da doguwar alkyabbarsa mai ƙyalli yana juyi tsakanin madannai, abin kallo ne, fim ɗin da aka ɗauka a Rainbow Theatre na Landan a watan Disamba 1972, wanda ya fito a 1975, ya nuna haka. A faifai kuwa ido ba ya nan. Wannan ɗabi'a ta kowa a ba shi filinsa, komai a ƙara masa tsawo, ita ce ta girma ta zama cutar prog. A watan Disamba 1973 Yes ta fitar da Tales from Topographic Oceans, fuska huɗu waƙa huɗu. Wakeman da kansa ya ƙosa, ya bar ƙungiyar a 1974. A wannan shekarar Emerson, Lake & Palmer suka fitar da nasu kundin kai-tsaye mai faifai uku. Kafin 1977 samarin punk sun taso da waƙoƙin minti biyu da fushi, suna nuna irin waɗannan kundaye da yatsa. Yessongs yana tsaye ne a daidai gaɓar, lokacin da burin ya kai girmansa amma yunwa ba ta bar masu shi ba.

Jakar ma wani ɓangare ce ta aikin. Roger Dean ya zana ta, ya ci gaba da labarin da ya fara a bangon Fragile, inda wata ƙaramar duniya ke tsagewa. A nan gutsattsarinta suna shawagi a sararin samaniya kamar iri, su sauka a wata duniyar ruwa, su kafu, tsiro da dabbobi su fito. Ana buɗe jakar ninki bayan ninki. Mai saurare a 1973 zai zauna da ita a cinya, kowane minti ashirin ya tashi ya juya faifai, ya ɗora allura. Tsawon fuskar garmaho shi ya yanke wa kundin gaɓoɓinsa, kuma an jera waƙoƙin da sanin haka. Wanda ya saurara a waya yau a zama ɗaya, da zai ɗan dakata a ƙarshen kowace fuska, zai fi jin yadda aka gina shi.

Fuska ta shida da Starship Trooper take rufewa, sashenta na ƙarshe kuma, Würm, shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin kundin duka. Bayan sa'a biyu na sauye-sauyen ƙirge, abu uku ne kawai Howe ke kamawa a wuyan jita, ɗaya, biyu, uku, a koma, a sake, a sake. Yana farawa a hankali. Squire ya shigo ƙarƙashinsa, ya fara hawa. White yana ƙara nauyi kowane zagaye ba tare da ya ƙara sauri ba. Sai Wakeman ya saki Minimoog, murya ɗaya siririya ta tashi sama da kowa tana karkaɗawa, wadda babu ita a faifan situdiyo na 1971, Howe ya karɓe daga hannunsa. Suna kaiwa dukan ƙarshe ihun jama'a ya rufe komai, ana jin sa yana ja da baya har allura ta shiga layin tsakiya.